Tambayi Malamin Gona: Masu Neman Bayanan Gonakinmu

Wasiƙun wannan wata kusan duk hanya ɗaya suka bi. Ga alama masu yawo da waya suna neman bayanan gona sun yawaita, manoma kuma sun fara tambayar kansu ko alheri ne ya zo ko wani abu daban. Na zaɓi biyar, na rage tsawon wasu, kuma kamar kullum na sakaya sunayen masu su.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina noman masara da wake a gonar da na gada, ba ta kai hekta biyu ba. Wasu matasa sun zo ƙungiyarmu da wata manhaja ta waya. Sun ce in muna shigar da ranar shuka, da irin da muka shuka, da takin da muka zuba, da abin da muka girbe, za su riƙa nuna mana matsayin gonarmu in an gwada ta da ta sauran manoma, sannan a ba mu katin waya da rangwame a kan taki. Har sun ce sai sun zagaya iyakar gonar da waya. Ni dai hankalina bai kwanta ba, don ruwa ba ya tsami banza. Me za su yi da wannan bayani? In shiga ko in haƙura?
Daga manomin masara da wake.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Shakkarka tana kan hanya, ba zan ce ka kawar da ita ba. Amma bari mu fara da dalilin da ya sa ake bin ka har gona da katin waya, don wanda ya san darajar hajarsa ya fi iya ciniki.

A shekarar 2021 masana na Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, sun ƙiyasta cewa akwai gonaki sama da miliyan 600 a duniya, kuma kashi 84 cikin ɗari ba su kai hekta biyu ba, kamar dai taka. Waɗannan ƙananan gonaki su ke samar da kusan sulusin abincin da duniya ke ci. Duk da haka abin da ke faruwa a cikinsu ba ya rubuce a ko'ina. Babban manomi, injin girbinsa ma yana rubuta masa nawa ya samu a kowane ɓangare na gona. Kai kuwa lissafinka yana cikin kanka, in shekara uku ta wuce ya fara dishewa. Banki na son ba da rance amma bai san abin da hekta ɗaya ke bayarwa a wajenku ba. Kamfanin inshora na son sanin sau nawa fari ke cinye yabanya cikin shekara goma. Mai sayar da iri na son sanin ko irinsa yana yin abin da ya yi a gonar gwaji in ya shiga hannun talaka. Mai sayen amfanin gona kuma yana son sanin buhu nawa za su fito tun kaka ba ta yi ba. Dukkansu suna iya biyan kuɗi a kan abin da za ka shigar, kuma sau da yawa daga aljihunsu katin wayar nan yake fitowa.

Zagaya iyakar gona ma akwai dalilinsa. Taurarin ɗan'adam na Tarayyar Turai da ake kira Sentinel-2 suna ɗaukar hoton kowane fili kusan duk kwana biyar, kuma kowa na iya sauke hotunan kyauta. Sai dai kowane ɗigo a hoton fili ne mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10, kuma daga can sama kore ake gani kawai. Hoton ba zai faɗi cewa wannan masara ce da wake a tsakanin kunyoyi ba, balle ya san nawa aka casa. Sai an sami mutum a ƙasa ya ce nan ce gonata, ga abin da na shuka, ga abin da na samu, sannan kwamfuta ta koyi gane sauran gonaki masu kama da ita. Kai ne wannan mutumin. Ga masu noman koko, kofi, waken soya, manja da roba kuma akwai ƙarin dalili, don a 2023 Tarayyar Turai ta yi dokar da ta ce irin waɗannan kaya ba za su shiga kasuwarta ba sai an nuna ainihin filin da aka noma su, a tabbatar ba daji aka sare ba.

Ni a ganina katin waya shi ne mafi ƙanƙantar abin da ke cikin wannan ciniki. Babban abin shi ne gwadawar da suka yi maka alkawari, in har za su cika. Na san wani bawan Allah da ya yi shekaru yana cewa gonarsa ta gaji, har yana shirin barin ta. Da muka jera littafinsa da na maƙwabtansa goma sha takwas masu ƙasa iri ɗaya, sai ga abin a fili: su suna zuba yuriya a sati na biyar ko na shida bayan shuka, suna binne ta, shi kuwa sai masara ta kusa fitar da bunu yake watsa tasa a saman ƙasa, rana ta sha rabinta. Ƙasarsa lafiya lau. Babu wanda ya taɓa gaya masa, don babu wanda ya taɓa ajiye lissafinsa kusa da na wani.

Amma akwai inda bayanin zai iya juyowa ya cije ka. In dillali ɗaya ya san kowa a yankinku ya samu da yawa bana, kuma ya san wa ke da bashi a wuya, ya san wanda zai matsa wa ya sayar da araha. In gonar aro ce ko haya ko jingina, taswirar da aka zana da sunan wani tana iya zama hujja ranar da rigima ta tashi. Saboda haka kafin ka taka iyakar gonarka da su, ka tambaye su wa zai ga bayananka da sunanka a jiki, wa kuma zai gan su a dunƙule ba suna. Ka tambaya ko za su sayar wa wani, kuma wane ne. Ka tambaya in ka ce ka fasa, za su goge? Za su ba ka kwafin abin da ka shigar ka tafi da shi wani wuri? Wannan ta ƙarshe ita na fi damuwa da ita, don tarihin girbi na shekara huɗu ko biyar shi ne abin da za ka nuna wa mai ba da rance, kuma bai kamata ya zama an kulle shi a gidan mutum ɗaya ba.

Dokokin kare bayanai sun fara yawa: ta Tarayyar Turai ta fara aiki a 2018, Kenya ta yi tata a 2019, Najeriya a 2023. Suna kare abin da ke nuna ko wane ne kai, kamar suna da lambar waya da wurin zama. Amma da zarar an cire sunanka daga adadin buhunan, kariyar ta yi rauni. Ƙungiyoyin manoma da kamfanoni a Amurka a 2014, da na Turai a 2018, sun sa hannu a kan ƙa'idojin da suka ce manomi ne ke da ta cewa a kan bayanan gonarsa, sai dai na ganin dama ne, ba doka ba. Don haka abin da zai tsare ka shi ne takardar yarjejeniya. Shawarata ka shiga, amma da sunan ƙungiya, a kira su zama, a karanta takardar da harshen da kowa ke ji, a ajiye kwafi. Duk wanda ya ce ka biya kuɗin rajista kafin a ba ka tukuici, ko ya nemi lambar sirrin asusunka, ko lambar da banki ya turo maka ta saƙo, ka sallame shi nan take, wannan ba bayanan gona ya zo nema ba.

TAMBAYA: Malam, ni ne sakataren ƙungiyarmu, mu arba'in da biyu ne. Shirin da muke ciki yana ba da kyauta ga mutum biyar da suka fi kowa samun amfani a hekta. Bana da na tattara lissafi sai na ga abin da ya ɗaure mini kai. Mutumin da na san buhu tara ya kai gida ya rubuta sha shida. In na tona za a ce na hana shi arziki, in na yi shiru na zama abokin ƙarya. Yaya zan yi?
Daga sakataren wata ƙungiyar manoma.

AMSA: Malam sakatare, wasiƙarka ta taɓa ni, don na taɓa haddasa irin wannan da hannuna. Ina matashin malamin gona aka ɗora ni a kan wani shiri, ni kuma don in zaburar da mutane na sa gasa: wanda ya fi kowa masara a hekta zai sami famfon feshi. Shekarar farko aka yi lafiya. Shekara ta biyu ruwa ya ɗauke sati uku masara na tsakiyar goyo, na ga gonakin da idona sun yanƙwane, amma takardun da suka dawo mini sun nuna an fi bara samu. Na tura su sama haka nan. Da aka zo rabon iri mai saurin nuna ga wuraren da fari ya taɓa, aka tsallake mutanena, tunda a takarda babu abin da ya same su. Wani dattijo a cikinsu ya kira ni gefe ya nuna mini cewa ni ban tambaye su abin da suka samu ba, na tambaye su ne wa yake son famfo. Har yau in na tuna damunar da suka sake shuka tsohon iri saboda lissafin da na tura, sai in ji ba daɗi.

Don haka kada ka fara da mutumin nan. Ka fara da tsarin kyautar. Duk shirin da ke saka wa mai babban adadi, adadi yake saya, kuma zai same shi. Ku rubuta wa masu shirin ku nemi a mayar da tukuicin kan cikar lissafi: wanda ya shigar da ranar shuka a satin da ya shuka, ya shigar da taki a ranar da ya zuba, ya bari aka auna girbinsa, ya sami ladansa ko buhu uku ya samu ko talatin. Wanda ambaliya ta share gonarsa ya rubuta sifiri, shi ma a biya shi daidai da kowa, don wannan sifirin ya fi amfani ga ƙungiya fiye da sha shidan ƙarya. Daga gonakin da suka gaza ake gane abin da ke kashe amfani. Sannan a riƙa jefa ƙuri'a a gaban kowa, a zaɓi gona huɗu ko biyar da za a je a auna a kowace kaka. In kowa ya san ƙuri'a na iya faɗowa kansa, ba sai ka tona kowa ba.

Kuma ka sani ba duk kuskuren lissafi ne ƙarya ba. Mafi yawansa daga awo yake. Binciken da Bankin Duniya ya yi a ƙasashen Afirka da dama, inda aka gwada girman filin da manomi ya faɗa da wanda na'urar GPS, mai awo ta tauraron ɗan'adam, ta auna, ya nuna masu ƙananan filaye sukan ɗauka filinsu ya fi yadda yake girma, masu manyan filaye kuma sukan rage. Ka duba illar wannan. Mutum ya ce gonarsa hekta ɗaya ce, ya sami buhu 15, alhali kashi uku cikin huɗu na hekta ce. A gaskiya buhu 20 yake samu a hekta, amma allon da manhaja ke gwada manoma a kai zai sa shi a sahun baya, ya shiga canza abin da ba ya buƙatar canji. Hekta murabba'in mita 10,000 ce, eka kuwa kusan 4,047, wato kusan eka biyu da rabi ke yin hekta. Na sha ganin littafi ɗaya da wani ya rubuta da eka, wani da hekta, aka haɗa su aka raba.

Buhu ma ba ma'auni ba ne. Wani ya cika nasa ya ɗinke da ƙyar, wani ya bar wuya. Sai sikeli. Ko da sikelin ma akwai maganar laima: masarar da aka casa tana da damshi kashi 20 cikin ɗari, in ta bushe zuwa kashi 13 da ake so don ajiya, kilo 100 zai koma kusan 92. Wanda ya auna ranar girbi da wanda ya auna bayan sati uku a rana ba abu ɗaya suka auna ba. Haka taki. In mutum ya rubuta buhu biyu kawai, bai faɗi komai ba. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na sinadarin naitirojin, buhun NPK 15-15-15 mai nauyi ɗaya kuwa kilo bakwai da rabi ne kawai a cikinsa. Ku ƙara gurbi a littafin don sunan takin.

Awon da na fi yarda da shi ba ya buƙatar komai sai igiya da turaku huɗu da sikeli. A auna mita biyar tsawo, mita biyar faɗi, a girbe abin da ke ciki kaɗai, a busar, a casa, a auna. Wannan murabba'in mita 25 ne, in ka ninka nauyin sau 400 ka sami na hekta. Kilo shida a cikin igiya na nufin kilo 2,400 a hekta. A yi a wuri uku a gona ɗaya a ɗauki tsakatsaki, kuma kada mai gona ya zaɓi wurin, don ƙafarsa da kanta za ta kai shi inda ya fi kyau. Shi kuwa mutuminka, ka same shi ku biyu, ka gaya masa za ka kawo shawarar a sake duba lissafin kowa kafin a tura, ka ba shi damar gyara nasa da hannunsa.

TAMBAYA: Baba Malam, ni matashi ne, shekarata uku da fara noma. Manhajar da muke amfani da ita ta nuna cewa waɗanda suka shuka wani sabon irin masara sun fi masu tsohon iri samu da kusan sulusi. Ina so in sayar da irin da mahaifina ya bar mini in cika gonar da sabon. Mahaifiyata ta ce in dakata. Ai lissafi ba ya ƙarya ko?
Daga sabon manomi.

AMSA: Ɗana, ka bi maganar mahaifiyarka bana, ga kuma dalili. Lissafin ba ƙarya ya yi ba, amma bai amsa tambayar da kake yi ba. Ka tambayi kanka su wa suka fara sayen sabon iri. Yawanci masu ɗan hali ne, waɗanda ke da kuɗin taki a kan lokaci, suna iya ɗaukar 'yan ƙwadago su gama noman farko kafin ciyawa ta kama, kuma galibi filayensu sun fi kyau. Da tsohon irin suka shuka ma da sun fi sauran samu. Nawa ne na iri a cikin sulusin nan, nawa ne na taki da noma da ƙasa? Allon ba zai iya rabe maka ba.

Wannan matsala ta daɗe tana damun masana. A tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila akwai gonar gwajin alkama da aka fara a 1843, har yau ana noma ta. A 1919 suka ɗauki wani masanin lissafi, Ronald Fisher, ya duba tarin alƙaluman da suka tara. Daga aikinsa a can aka sami ƙa'idar da duk mai gwajin gona ke bi yanzu: a maimaita gwaji a wuri fiye da ɗaya, kuma ƙuri'a ce za ta zaɓi inda za a sa kowane abu, ba son ran mai gwaji ba. Kai ma za ka iya. Ka ware layuka huɗu masu faɗi ɗaya a tsakiyar gonarka, kowanne kunya shida ko takwas. Ka jefa kwabo ya zaɓi biyu na sabon iri, biyu na tsoho. Ka shuka su rana ɗaya, taki ɗaya, noma ɗaya, ka girbe kowanne daban ka auna. Ka sake shekara mai zuwa, don irin da ya yi fice a damuna mai albarka yana iya durƙushewa a shekarar da ruwa ya yi gardama, kuma ƙaramin manomi shekarar wahala ce ke karya shi.

In ƙungiyarku na son a haɗa ƙarfi, akwai wata hanya da ake kira tricot da nake sha'awa ƙwarai. Ana ba kowane manomi ƙunshi uku na iri, ba suna a jiki sai alamar A, B da C, an zaɓo su daga cikin iri goma ko fiye. Ya shuka su gefe da gefe a gonarsa yadda ya saba noma, a ƙarshe ya faɗi wanne ya fi, wanne ya gaza. Ba a tambayarsa kilo nawa, kuma ba shi da dalilin ƙari tunda bai san sunan kowanne ba. In aka haɗa amsoshin ɗaruruwan manoma da bayanan yanayin wurarensu, sai a gane wane iri ya dace da wane wuri. An gwada ta a filaye sama da dubu 12 a Habasha da Indiya da Nikaragua, a kan alkama da wake, aka wallafa sakamakon a 2019.

Abu biyu kuma. In sabon irin mai aure ne, wanda ake kira haibirid, sai ka saya duk shekara, don wanda ka ɗiba daga girbinsa ba zai ba da kamar na farko ba, saboda haka ka sa kuɗinsa a lissafi kafin ka ce ya fi riba. Irin mahaifinka kuwa, ko sabon ya ci gwaji, ka riƙa shuka 'yan kunyoyi kana sabunta shi.

TAMBAYA: Malam, an ce in muka riƙa rubuta bishiyoyin da muka dasa da karan da muka bari a gona ba mu ƙona ba, za a biya mu kuɗin iskar kabon. Gaskiya ne?
Daga wani mai karatu.

AMSA: Gaskiya ne akwai irin wannan, malam. A yammacin Kenya ƙungiyar Vi Agroforestry tare da wani asusu na Bankin Duniya sun gudanar da shirin da dubban ƙananan manoma ke rubuta ayyukansu a ƙungiyance, kamar rufe ƙasa da kara, takin gargajiya da dashen itatuwa, kuma a 2014 aka fitar da takardun shaidar kabon na farko, wato takardun da ake sayarwa masu nuna yawan iskar kabon da ƙasa da itatuwa suka riƙe. Sai dai abin da ya isa hannun kowane gida kaɗan ne, amfanin da ya fi fitowa shi ne gyaruwar ƙasa. Kuɗin ba ya zuwa sai masu tantancewa sun tabbatar, abin da kan ɗauki shekaru. Ka tambaya kashi nawa na cinikin ne naka, shekara nawa yarjejeniyar ta ɗaure gonarka, kuma me zai faru in ka sare bishiya don wata lalura. In aikin zai amfani ƙasarka ko babu biya, ka yi shi.

TAMBAYA: Malam, ina gaisuwa. Ni mace ce, ina noman gyaɗa da riɗi a ɗan filin da maigidana ya yanka mini, shekara takwas ke nan. Ba ni da waya, ɗana ne ke shigar da lissafina da lambarsa. Makin da aka tara da rangwamen duk wajensa suke zuwa, ban damu ba don ɗana ne. Amma yanzu an ce za a ba da rancen kayan noma ga masu tarihin girbi na shekara uku, da aka duba sai sunansa ya fito, ni babu ni a ko'ina. Shi kuma zai tafi karatu. Shin wahalata ta tafi ke nan?
Daga wata manomiya.

AMSA: Hajiya, ina amsawa, Allah ya sa wa noman albarka. Wahalarki ba ta tafi ba, amma sai kin tashi tsaye yanzu, kafin yaron ya tafi. Abin da ya same ki yana samun mata masu yawa, don yawancin waɗannan manhajoji an gina su a kan zaton cewa mai waya shi ne mai gona. Ɗanki bai yi laifi ba, taimakon ki ya yi. Masu tsara shirin ne ya kamata su raba gurbin sunan manomi da na mai shigar da bayani, kuma duk shirin da ya san aikinsa yana da wannan, tunda wakilansu ma suna shigar wa mutane da yawa da waya ɗaya.

Ki tafi da shi wajen wakilin shirin, da shugabar ƙungiyarku ko wasu mutum biyu da suka san ke ce ke noman filin. Ya faɗa da bakinsa cewa lissafin naki ne, ku nemi a mayar da shi kan sunanki tun daga shekarar farko, ba a buɗe miki sabo daga bana ba. Wannan bambancin shi ne komai, don sabon asusu zai mayar da ke farkon layi. Dokokin kare bayanai da na ambata a sama duk sun ba mutum haƙƙin a gyara bayanin da aka rubuta ba daidai ba, saboda haka ba alfarma kike roƙo ba. Ki nemi a ba ki shaidar gyaran a rubuce ko ta saƙon waya. Ki kuma sanar da maigida tun da wuri cewa sunanki a lissafin girbi ba ya nufin an canza mai fili, don kada wani ya kai masa maganar a karkace.

Ki yi rajistar layin waya da sunanki, ko da za ki riƙa sa shi a ƙaramar waya ta aro. Shirye-shirye da yawa suna karɓar bayani ta gajeren saƙo ko ta kira, ba lallai sai babbar waya ba. In akwai wasu mata a irin halinki, ku je tare, wakili ya fi saurin motsi in ya ga mutum goma.

Sannan ki sayi littafi mai bango mai ƙwari, ya zama naki, ba na shirin ba. In rubutu na ba ki wahala, yaro ya rubuta miki kina faɗa, da boko ko da ajami, duk ɗaya ne. A shafin farko a sa sunanki da girman filin kamar yadda aka auna. Kowace damuna ta sami shafinta: ranar ruwan shuka, ranar da kika shuka, sunan iri da inda kika samo shi, ranakun noma, abin da kika zuba da nawa, cuta ko ƙwarin da suka taɓa shukar, da nauyin gyaɗar bayan ta bushe, a rubuta ko da ɓawo aka auna ko ɓararriya. Kafin ɗanki ya tafi, ku zauna ya buɗe wayarsa ya kwafe miki lissafin shekara ukun nan a shafukan farko.